Karen Bara a Abakpa Nike

Tun kafin Turawa su gano kwal a tsaunukan Udi a shekarar 1909, kafin kuma jirgin ƙasa ya taso daga Fatakwal ya iso Inugu a 1916, akwai Hausawan da suka riga suka san hanyoyin ƙasar Ibo, wato maharba giwa masu neman haure, waɗanda suka ƙetare Binuwai suka nutsa cikin kurmi, har wasunsu suka yada zango a Elele. Daga baya fataken shanu suka bi sawunsu, cikinsu har da Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato, wanda mutanen Inugu suka zaɓa magajin garinsu a shekarun 1950. Wannan zirga-zirga ita ce asalin zaman Hausawa a Anacha da Fatakwal da unguwar Abakpa Nike ta Inugu.

To, maharbi da mai dabbobi suna cikin mutanen da littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda almajirai ke karantawa a zaurukanmu, ya yi wa rangwamen ajiye kare, bayan ya hana ajiye shi a gidajen birni ba da wata lalura ba; malaman Malikiyya na baya kuwa suka yi ƙiyasi, suka shigar da karen gadi a inda ake tsoron ɓarayi. Da wannan hujja kare ya sami wurin kwana a zangon baƙi, inda mutum ke nesa da dangi, dukiyarsa kuma tana ɗaure a turke.

Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma gaskiya ne. Amma karen bara fa, wanda gashin bakinsa ya yi furfura, haƙoransa suka cinye, idonsa ya yi hazo, har in ya tashi daga kwance sai ya daɗe yana miƙe ƙafafun baya kafin ya iya takawa? A nan ne nake ganin fiƙihu ya fi al'ada adalci, domin ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita muddin tana hannunsa, kuma babu malamin da ya ce tsufa yana sarayar da wannan haƙƙi. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, alhali karen ba nasa ba ne, bai kuma taɓa yi masa gadi ba.

Masu tausayi daga cikin magabata sun san abin yi, ko da yake ba su san likita ba: a jiƙa masa ƙanzo da romo har ya yi laushi, a shimfiɗa masa buhu a inda feshin ruwa ba ya kaiwa, a zauna a ciccire masa kaska daga cikin kunnuwa da tsakanin yatsu. Ƙasar kurmi kuwa ta fi Arewa tsanani ga tsohon kare, saboda damina mai tsawo da danshin da ke tayar da ciwon gaɓoɓi, ga ƙudan tsando, wanda sammoren da yake sa wa shanu yana kama karnuka ma, ya ramar da su, ya dushe musu ido.

Ilmin likitan dabbobi ya kafu a Vom, kusa da Jos, tun 1924, kuma a can ake yin allurar rigakafin haukan kare. Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960, tana da sashen koyar da likitocin dabbobi, saboda haka mai tsohon kare a Abakpa Nike yau yana iya kai shi a duba jininsa, a ba shi maganin tsutsar ciki, a sabunta masa rigakafinsa kowace shekara.