TAKARDA A HANNUN WA? TARIHIN RUBUTUN KASUWA A MARAƊI DA TSIBIRI

 Kwanan baya wani matashi mai bitik ya same mu bayan shiri, da takardar kwantira cikin Faransanci. Ya riga ya sa hannu, sai daga baya ya zo yana tambaya mi ke ciki. Da munka karanta mishi, ashe akwai tara in ya yi jinkirin biya, abin da ba a faɗa mishi da baki ba. Wanga abu ne ya sa munka waiwaya, mu duba tun yaushe takarda ta shiga cinikin garinmu, kuma wa ya daɗe yana riƙe da ita.

Kowa ya san Maraɗi da Tsibiri garuruwan hijira ne. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunanta sunka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sunka kafa Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. A wancan zamani saƙon sarki da baki yake tafiya: manzo ya hau doki, mai shela ya zaga gari. In abu ya kai a rubuta, sai a kira malam ya rubuta da Larabci ko ajami. Falke kuma ba shi da kaye. Lissafinshi yana cikin kai, shaidunshi suna zaune a zauren fatoma, jarinshi amana.

Abin ya canza da zuwan gujiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gujiya ta samu hanyar teku, sannu a hankali kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA sunka buɗe kantuna a Maraɗi. Suna ba ƴan kasuwar gari kuɗi da kaya bashi, su kuma su shiga ƙauyuka su sayo gujiya. A nan ne ma'auni da alƙalami sunka haɗu a hannun mutum ɗaya, wanda ya yi lakwal. Shi ke duba kilo, shi ke rubutawa, da harshen da manomi bai ji. Manomi ya ɗauko buhu daga Jiratawa ko Tsibiri, abin da anka ce mishi shi ke nan. Ko da ba a cuce shi ba, ba shi da hanyar da zai tabbatar.

Duk da haka manyan ƴan kasuwarmu ba daga lakwal sunka fito ba. Bayan ambaliyar 1945, da anka maida gari bisa tudu, kasuwa ta ƙara buɗewa, alhazai sunka taso. Makarantarsu ita ce gidan ubangida. Yaro ya fara da aike da ɗaukar kaya, a aike shi Kano da kuɗi kaɗan a ga ko zai dawo da su cikakku, in ya ci wagga jarabawa a ƙara mishi, har ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarshi. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi kan alhazan Maraɗi a 1986, inda ya nuna cewa arzikin mutane, wato yawan barorin da mutum ya ɗaga, yana da daraja kamar arzikin kuɗi. Horo ne na gaske, ya fidda mutane da yawa. Gurbin da ya bari shi ne rubutu: in za a je banki ko duwan, dole alhaji ya ɗauki ɗan lakwal ya rubuta mishi, ya sa hannu bisa yarda.

Bayan ƴancin kai na 1960 gwamnati ta yi ƙoƙarin cike wanga gurbi. A 1962 anka kafa SONARA don sayen gujiya, da UNCC don koperatif na manoma. A wannan shekara kuma anka fara kulob-kulob na rediyo, wanda mu ma'aikatan rediyo muke ɗauka kamar kakanmu. Mutane su taru da dare gaban akwati ɗaya, su saurari shiri, su tattauna, mai jagora ya ɗauki muryoyinsu ya aika Yamai, a sake watsa su. Manomi ya ji muryar manomi ɗan uwanshi tana fitowa daga rediyo. A 1963 anka fara yaƙi da jahilci na manya, a 1966 kuma taron Bamako da UNESCO ta kira ya tsara yadda za a rubuta Hausa da sauran harsuna da boko.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge mu. A kasuwannin gujiya na koperatif, anka koya ma manoma da kansu duba ma'auni da riƙe kaye da harshensu. Ƙauye ya zaɓi mai awo, ya zaɓi magatakarda, ƙarshen kaka a karanta lissafi gaban jama'a. Dattijo bai koyi baƙi don ya karanta labarin gizo ba, ya koya don ya san kilo nawa ya kawo. Shi ya sa karatun ya kama. Sai dai bai daɗe ba: farin 1973 da 1974, sannan cutar da ta faɗa ma gujiya a 1975, sunka karya noman, kasuwannin sunka mutu, kayoyin sunka shiga akwati.

Darasin bai mutu ba, yana nan Jiratawa. Filin noman rani na bakin Gulbi, wajen hekta 500, yana tafiya ne da koperatif, tare da ONAHA da anka kafa a 1978. Ruwan famfo ke ɗago shi, famfo yana cin wuta, wuta tana cin kuɗi, kowane mai fili yana da kason da zai biya. A irin wanga wuri shugabanci ba rawani ba ne. Shugaba shi ne wanda zai tsaya gaban taro ya bayyana nawa anka tara, nawa anka kashe, da harshen da kowa ke ji, ya kuma bar takarda da za a duba gobe. Inda babu wannan, zargi ke shiga ko da ba wanda ya ci kuɗi.

Yau muna da abin da kakanninmu ba su samu ba. Ga lise na fasaha Ɗan Kasawa, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga cibiyoyin koyon sana'a. Tun watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma mu faɗa ma kanmu gaskiya. Mu da munka yi lakwal da Faransanci, da yawa cikinmu za mu rubuta rahoto shafi goma da harshen Bature, a ce mu rubuta wasiƙar ciniki layi biyar da Hausa mu kasa. Ƴan kasuwa kuma sun koma saƙon murya a WhatsApp: a yi cinikin miliyoyi tsakanin Maraɗi da Jibiya, waya ta faɗa ruwa, shaida ta tafi. Mun koma zamanin baki, ba tare da zauren fatoma da shaidunshi ba.

Abin da muke gani bai fi ƙarfinmu ba. Tela ko makaniki da ke da yara a shago, ya haɗa musu da riƙe kaye da rubuta fatur. Koperatif da ƙungiyoyin mata su riƙa fidda lissafinsu da Hausa, boko ko ajami, a karanta a liƙa. Ɗalibi da ya dawo hutu ya zauna da mahaifinshi su karanta takardun shago tare. Kowa kuma, kafin ya sa hannu, ya ce a fassara mishi layi bayan layi, ba kunya ba ce.

Matashin da munka faɗa muku ya biya tararshi. Amma ya dawo ya nuna mana sabon kaye, shafin farko da rubutun hannunshi: sunan mai bashi, rana, da kuɗi. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya bar zumunci. Sai mun haɗu a shiri na gaba.