Kwaɗin Kyoto da Kwaɗin Tawa: Finafinan Zane na Japan da Dalilin Farin Jininsu a Adar

Malaman makaranta a Tawa da Keita sun saba da ganin wasu fuskoki a bayan littattafan ɗalibansu: yara masu manyan idanu da gashi tsaitsaye kamar ƙaya, waɗanda ɗaliban ke kira Goku da Naruto. Taurarin finafinan zane ne na ƙasar Japan, waɗanda matasanmu ke kira "manga", ko da yake a can ƙasar wannan suna na littattafan zane ne, finafinan kuwa "anime" ake ce musu. Iyaye da yawa na ganinsu a matsayin baƙon abu mai cinye lokacin karatu. Amma wanda ya bi tarihinsu zai tarar cewa abin da ke jan yaran Adar gare su, akasarinsa abu ne da Adar ta daɗe da sani, kuma garin Tawa kansa yana da babban matsayi a tarihin wannan sana'a a nahiyar Afirka.

Tushen abin a Japan

A wani tsohon wurin ibada mai suna Kozanji da ke Kyoto aka adana wasu naɗaɗɗun takardu guda 4 da aka zana a ƙarni na 12 da na 13, ana kiransu Choju-giga. A ta farkonsu akwai birai da zomaye da kwaɗi suna kwaikwayon rayuwar mutane. Hoton da ya fi shahara shi ne na kwaɗo yana kokowa da zomo, ya yi jifa da shi ƙasa, sauran kwaɗi suna ta dariya. Akan warware takardar sannu a hankali daga dama zuwa hagu, labari yana tafiya a gaban ido.

Wajajen 1930 aka samu masu ba da labari a titunan Tokyo, waɗanda ake kira masu kamishibai, wato wasan kwaikwayo na takarda. Mutum zai ɗaura akwatin katako a bayan kekensa, ya tara yara, ya sayar musu da alewa, sannan ya riƙa zare hotuna ɗaya bayan ɗaya yana ba da labari. In labari ya kai inda ya fi daɗi sai ya tsaya, ya ce sai gobe. Wannan dabara ta katse labari tana nan har yau a finafinan da ake nunawa kashi-kashi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya zama masana'anta. An kafa kamfanin Toei Doga a 1956. Ranar 1 ga Janairu 1963 Osamu Tezuka ya fara nuna Tetsuwan Atomu a talabijin, kashi ɗaya kowane mako. Fim na sinima yana cin hoto 24 a daƙiƙa guda. Tezuka, saboda ƙarancin kuɗi da lokaci, ya rage zanen zuwa 8 ko ƙasa da haka, ya ɗora nauyin a kan labari da murya da yanayin fuska. Rashi ne ya haifi salon, daga baya salon ya zama alamar da aka san Japan da ita.

Hanyar da suka biyo zuwa gare mu

Ta Faransa suka iso ƙasashenmu. Ranar 3 ga Yuli 1978 tashar Antenne 2 ta fara nuna Goldorak da muryoyin Faransanci, kuma daga 1987 zuwa 1997 shirin Club Dorothée na tashar TF1 ya yaɗa Dragon Ball da ire-irensa. Wannan ya sa sunayen da muka sani na Faransanci ne: labarin ƙwallon ƙafa da ake kira Captain Tsubasa a Japan, mu Olive et Tom muka san shi. Adar ƙasar ƴan cirani ce, kuma tafiyar ƴaƴanta zuwa Abijan da sauran biranen gaɓar teku ta daɗe tana dawowa da rediyo da kaset da sababbin abubuwan kallo. Daga kaset ɗin bidiyo aka koma faifan CD a gidajen kallo, daga nan sai tashoshin tauraron ɗan Adam, yau kuwa wayar hannu ta isa.

Abin da masu kallo ke so

Labaran da suka fi shiga zuciyar samari su ne na maraya mai naci. Goku na Akira Toriyama, wanda labarinsa ya fara fitowa a 1984, wani tsoho ne ya tsince shi ya rene shi a daji, sannan ya je ya yi zaman almajiranci wurin wani tsohon gwani kafin ya shiga gasar faɗa. Naruto na Masashi Kishimoto, tun daga 1999, maraya ne da mutanen garinsu ke ƙyama saboda wata yanyawa mai wutsiya 9 da aka kulle a jikinsa. Duk wanda ya girma yana jin tatsuniyoyin marainiya da kishiyar uwa ya san wannan hanya: wulaƙanci da fari, haƙuri a tsakiya, ɗaukaka a ƙarshe. Gasar faɗan ma ba baƙuwa ba ce a garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975. Fili a zagaye da jama'a, kirari kafin karo, ƙaramin da ya kayar da ƙato, abokin gaba da ya zama aboki bayan an tashi: ɗan Tawa ba ya bukatar fassara kafin ya gane waɗannan.

Dogayen finafinan kamfanin Ghibli, wanda Hayao Miyazaki da Isao Takahata suka kafa tare da abokansu a 1985, su ne suka fi dacewa da nazarin malamai. Uku daga cikinsu sun isa misali.

Le Tombeau des lucioles na Takahata (1988) labarin yaro Seita ne da ƙanwarsa Setsuko a garin Kobe a 1945, bayan wutar jiragen yaƙi ta kashe mahaifiyarsu. Sun zauna wurin wata gwaggo, abinci ya yi ƙaranci, gori ya yi yawa, yaron ya ɗauki ƙanwarsa suka koma wani rami a bakin tafki, inda yunwa ta ƙarasa ta. Fim ɗin bai ɗora laifi a kan mutum guda ba. Gwaggon tana da nata uzurin, yaron kuma girman kai ya hana shi komawa ya ba da haƙuri. A ƙasar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005, tambayar da fim ɗin ke yi, wato me yunwa ke yi wa zumunci, tambaya ce da kakanninmu ke da amsarta.

Princesse Mononoké na Miyazaki (1997) rikici ne tsakanin daji da wani gari na masu narka ƙarfe. Shugabar garin, Eboshi, tana sare itatuwa don ta samu tama da gawayi, amma ita ce kuma ta fanshi mata daga wulaƙanci ta ba su aikin zuga, ta kuma ba kutare mafaka. Iskokin daji suna da gaskiyarsu, mutanen gari suna da tasu. Mutanen Keita, inda tun daga 1984 mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka don tare zaizayar ƙasa da maido da itatuwa a kan tuddai, sun san cewa wanda ya sare icce sau da yawa ba mugunta ce ta sa shi ba, tukunya ce ke jira a gida.

Le Voyage de Chihiro (2001), wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2002 da kyautar Oscar a 2003, labarin yarinya ce ƴar shekara 10 da iyayenta suka ci abincin da ba nasu ba, suka rikiɗe suka zama aladu. Don ta cece su sai ta kama aiki a gidan wankan iskoki, uwar ɗakinta kuma ta ƙwace mata suna ta bar mata guntu. An gargaɗe ta cewa in ta manta sunanta na asali, ba za ta sake ganin hanyar gida ba. Da wuya a samu kwatancin da ya fi wannan dacewa da halin ɗan cirani.

Kwaɗin Tawa

A lokacin da Tezuka ke fama da aikinsa a Tokyo, wani ɗan Nijar yana kan irin wannan hanya. An haifi Mustafa Alasan a Ndunga a 1942. Tun yana yaro yake yanka siffofi a kwali, ya haska su da fitila, ya tara jama'a kallo, kamar dai mai kamishibai. Ya koyi aikin fim a Yamai tare da Jean Rouch, sannan ya je Kanada inda ya haɗu da gwanin zane Norman McLaren. Fim ɗinsa La Mort de Gandji (1965) yana cikin finafinan zane na farko da wani ɗan Afirka ta kudu da Sahara ya yi. A Bon voyage Sim (1966) ya zana shugaban jamhuriyar kwaɗi yana ziyarar aiki da faretin sojoji da jawabai, kowa kuma ya gane inda habaicin ya dosa. A Samba le grand (1977) ya yi amfani da ƴan tsana, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto.

Daga baya ya zauna a Tawa, inda ya buɗe otel, ya mai da wasu ɗakunansa wurin ɗaukar fim. Cikin ayyukansa akwai Kokoa, inda kwaɗi ke kokowa a fili irin namu. Shekaru ɗaruruwa da dubban kilomitoci ne tsakanin mai zanen Kyoto da mai zanen Tawa, amma dabararsu ɗaya: a sa wa kwaɗo halin mutum, don mutum ya yi dariya kafin ya gane da shi ake. Ya kuma yi fim da mai tatsuniya Albarka Cibau, wanda gidan matasa da al'adu na Tawa ke ɗauke da sunansa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris 2015.

Bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu a wajen tsari yake. Tezuka da Miyazaki sun samu kamfanoni, da ɗaruruwan masu zane, da mujallun mako-mako, da tashoshin da ke saye. Mustafa Alasan yakan zana, ya ɗinka ƴan tsana, ya gyara na'ura, ya kuma kai fim ƙauye da motarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sakamakon haka shi ne ana nuna finafinansa a bukukuwan Turai da Amurka, alhali yaron da ke zana Naruto a unguwar da ya zauna yana iya kammala makaranta bai taɓa ganin Sim ba.

Abin da ya rage gare mu

Damuwar iyaye tana da tushe. Cikin finafinan Japan akwai waɗanda aka yi don manya, masu zubar da jini ko nuna tsiraici, kuma kasancewar abu zane ne bai sa ya dace da yaro ba. Akwai kuma aƙidun da suka saɓa wa namu, waɗanda ke bukatar babba a kusa ya yi bayani. Maganin wannan zaɓe ne da zama tare da yara, domin hani kaɗai ba ya isa ga abin da ke cikin aljihu.

Ƙungiyoyin al'adu na iya haɗa fim ɗin Takahata da hira da tsofaffin da suka ga 1984, ko su nuna gasar Goku da Kokoa a dare guda su bar matasa su kwatanta. Malami na iya karɓar zanen da ya kama a bayan littafi, ya ce wa mai shi ya zano masa Gizo da Ƙoƙi a hotuna 8. Wayar da ake kallo da ita tana iya ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, wato aikin da a da sai da na'ura mai tsada. Mutanen Japan sun kai labaransu ko'ina a duniya ne da iskokinsu da shinkafarsu da tarihin yunwarsu. Adar tana da tatsuniyoyin Albarka, da filin kokowa, da labarin ƴan cirani, kuma tana da magabaci a wannan sana'a wanda ya nuna cewa ana iya yin ta a Tawa.