Kaurin Waya da Tukunyar Gas: Waiwaye kan Tarihin Lantarki a Nima da Maamobi

A shekarar 1922 ne gwamnatin mulkin mallakar Ingila ta fara raba wutar lantarki a Akara. A lokacin babu Nima, domin sai a shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya samu filin da unguwar ta tsiro a kansa. Bayan an buɗe madatsar Akosombo a 1966, aka kuma kafa hukumar ECG a 1967, wuta ta yalwata. Sai dai gidajen haya na Nima da Maamobi an ja musu waya ne gwargwadon buƙatar ƙwan fitila da rediyo.

Ma'aunin da Gana ke bi gadon Ingila ne: wuta mai ƙarfin bolt 230 da fulogi mai ƙafa uku, wanda Ingila ta ƙaddamar a 1947, fis ɗinsa kuwa ba ya wuce amfiya 13. Ana auna kaurin waya da murabba'in milimita: 1.5 don fitilu, 2.5 don soket. Amurka kuwa tun 1857 take da ma'aunin AWG, inda lamba ke girma yayin da waya ke sirancewa. A can lamba 14 amfiya 15 take ɗauka, lamba 12 kuma amfiya 20. Wanda ya cuɗanya ma'aunan biyu zai iya ɗaukar siririyar waya a matsayin mai kauri.

Hatsarin ya ƙaru ne wajejen 1990, lokacin da gwamnati ta shiga ƙarfafa girki da gas domin rage sare itatuwa. Tukunyar gas ta shiga ɗakin da firij da dutsen guga suka riga suka yi wa tsohuwar waya nauyi. Idan wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafinta kan ninka sau huɗu. Gas kuma ya fi iska nauyi, don haka idan ya tsiyaya a ƙasa yake taruwa, ƙyastu ɗaya ya ishe shi kamawa.

Dokar jan waya ta 2011 ta wajabta wa masu aikin lantarki samun shaidar Hukumar Makamashi. Mai gyaran gas ma ba ya rasa nasa darasi: aikin fis shi ne kare waya. Duk wanda ya sa babban fis a kan siririyar waya don ya daina ƙonewa, to wayar ce za ta ƙone a madadinsa, kusa da tukunyar gas.