Sawakin: Tashar Alhazai da ta Zama Kufai a Gaɓar Bahar Maliya

Sawakin tsohon gari ne a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, kudu da Fot Sudan, wanda aka gina a kan wani ɗan tsibiri da ke ƙuryar wata doguwar mashiga mai ƙunci, kuma wannan mashiga ita ce silar ɗaukakarsa, ita ce kuma silar faɗuwarsa. A zamanin da jiragen ruwa ke tafiya da ƙarfin iska, ƙuncin hanyar kariya ne daga igiyar ruwa da mahara, saboda haka bayan rushewar tashar Aizab da ke arewa a ƙarni na 15, fataken Masar da Hijaz da Indiya suka karkato zuwa Sawakin. Turkawa sun mallaki garin a ƙarni na 16, sannan a 1865 ya koma hannun Kidiwi Isma'il, wato mai mulkin Masar a ƙarƙashin sarkin Istanbul.

Abin da ya fi fito da garin shi ne gininsa. A da, magina sukan saro dutsen murjani daga teku, su jera shi tubali-tubali, su ratsa katako a tsakani don ya riƙe bango, sannan su shafe shi da farar ƙasa. Gidajen attajirai kan kai hawa biyu ko uku, da tagogin katako masu sassaƙa waɗanda ke leƙo titi, da ake kira roshan, inda iska ke shiga, matan gida kuma su ga waje ba tare da an gan su ba, kamar dai yadda ake gani a tsohuwar Jidda.

Ga Hausawa masu zuwa aikin hajji a da, Sawakin ita ce ƙarshen tafiyar ƙasa. Maniyyata sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna noma ko ƙwadago a hanya don neman guzuri, wani lokaci shekaru da dama, kafin su iso nan su hau jirgi zuwa Jidda. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu kuma ba su koma gida ba, kuma suna cikin tushen al'ummar da ake kira Takari ko Fallata a Sudan.

Buɗe Mashigin Suwez a 1869 ya kawo manyan jirage masu aiki da tururi, waɗanda mashigar Sawakin ta yi musu kaɗan, don haka Turawan Ingila suka gina Fot Sudan, aka buɗe ta a 1909. Da 'yan kasuwa suka ƙaura zuwa can, gidajen Sawakin suka rasa mai sabunta yaɓensu, kuma da yake murjani ba ya jure gishiri da laima in ba a kula da shi, sai suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya.

A yau mai ziyara yakan shiga tsibirin ta ƙofar da ake jingina wa wani Bature mai suna Janar Godon, ya tarar da tarin farin dutse, sai masallatan Hanafi da Shafi'i waɗanda Turkiyya ta gyara. Jiragen fasinja har yanzu suna tashi daga sabuwar tashar garin zuwa Jidda, amma tsohon tsibirin bai sake zama kasuwa ba.