Doguwar tafiya a keke daga Kazaure zuwa Babura: yanayi da gajiya

Daga Kano zuwa Kazaure ta hanyar Dambatta kusan kilomita 80 ne. Keke mai ɗauke da kaya kan ci kilomita 12 zuwa 15 a sa'a guda, wato tafiyar sa'a shida ke nan, ban da hutu. Wanda ya zarce zuwa Roni, ko Gwiwa, ko Babura, ya shiga tafiyar kwanaki. A wannan yanki na arewa maso yammacin Jihar Jigawa, lokacin da mutum ya tashi da watan da ya zaɓa sun fi ƙarfin ƙafarsa tasiri a kan ko zai isa lafiya.

Ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Kazaure da Roni ƙasar duwatsu ce da hawa da gangara, kuma hawa yana cinye ƙarfi fiye da yadda gangara ke mayar da shi. Babura, wadda ke gabas kusa da iyakar Nijar, shimfiɗaɗɗiya ce, amma da zarar an sauka daga kwalta sai rairayi ya riƙe taya, a koma turi. Ga kuma ƙaya, wadda ta sa famfo da kayan faci suka zama dole.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ita ce mafi haɗari. Zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kwalta kuma tana mayar da shi sama. Mai tuƙi a irin wannan rana na iya zubar da lita guda ta gumi a sa'a, har ma fiye, kuma busasshiyar iska tana shanye gumin nan take, sai ya zaci bai yi gumi ba. Maganin abin shi ne raba yini biyu: a yi sammako bayan asuba, a tsaya wajen ƙarfe 11 a inuwar darbejiya ko ta tsamiya, a sake hawa bayan la'asar. Wanda ya saba da ofis da fanka yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu na gajerun tafiye-tafiye kafin jikinsa ya saba da zafi. Ma'aikaci da ya ɗauki hutu ranar Juma'a ya hau keke ranar Asabar ya tsallake wannan mataki.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa, amma yana da nasa haraji. Iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka mai zuwa Babura daga Kazaure gaba da gaba yake yi da ita, mai dawowa kuwa tura shi take yi. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudunta a kan jiki ya ninka biyu, shi ya sa tafiyar da ta zo da sauƙi jiya take gagara yau a kan hanya ɗaya. Ƙura tana busar da maƙogwaro da leɓe, don haka a rufe hanci da baki da rawani ko ƙyalle. Hazo kuma yana hana direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Daura hango mai keke, sai a sa tufafi masu haske. Sanyin safiya kan danne ƙishirwa, alhali jiki yana ci gaba da rasa ruwa.

Damina ba ta da wuyar karantawa. Hadari yakan haɗu daga gabas, iska mai ƙura ta riga ruwa isowa. A nemi gini, a guji fakewa ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai saboda tsawa, kuma kada a ratsa kwari yana gudu.

Ita kuwa gajiya, abubuwa uku ne ake kira da suna ɗaya. Na farko ƙarancin ruwa da gishiri: ciwon kai, ɗaurewar jijiya, da fitsari kaɗan mai duhu. A riƙa kurɓar ruwa kafin ƙishirwa ta kama. Idan gumi ya yi yawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Na biyu ƙarewar makamashi. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare bayan kamar sa'a biyu na tuƙi mai ƙarfi, sai ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu. Ba sai an nemi abincin kanti ba. Fura da nono ta haɗa ruwa da hatsi, dabino da ƙuli-ƙuli ba sa lalacewa a aljihu, kuma ci kaɗan-kaɗan kowace sa'a ya fi malmalar tuwo a tsakar rana.

Na uku shi ne bugun zafi, kuma shi ke kisa. Zafin jiki ya haura digiri 40, mutum ya rikice, yana tangaɗi ko sambatu. A nan ba hutu ake bukata kawai ba. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwa ana fifita, sannan a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Idan ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa ruwa a baki. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai lura ya fara sambatu, dalilin da ya sa tafiyar mutum biyu ta fi.

Goro da shayi kan wartsakar na ɗan lokaci. Tramadol kuwa, da wasu masu aikin ƙarfi ke sha don kashe gajiya, yana toshe alamun da jiki ke bayarwa, kuma yana iya jawo farfaɗiya, mutum yana kan sirdi a tsakiyar titi.

Wani ɓangare na gajiyar daga keken yake fitowa. Sirdi da ya yi ƙasa yana cin gwiwa. Daidai shi ne ƙafa ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa. Taya maras isasshiyar iska da sarƙa maras mai suna ƙara nauyi a kowane juyi, kuma mai faci na bakin kasuwa zai gyara duka ukun kafin a gama shan fura.