Agadas a Bakin Alƙalamin Baƙi

A zamanin ayari, fataken da suka taso daga Damagaram ko daga Adar suka nufi arewa, abin da ke fara shaida musu cewa wahalar hanya ta ƙare ita ce hasumiyar babban masallacin Agadas. Tsawonta mita 27 ne, da zallar laka aka gina ta, gindinta da faɗi, tana tafiya tana tsukewa har ƙoli, itatuwa sun tsattsago daga jikinta ta kowace fuska kamar ƙayar bushiya. Itatuwan nan su ke riƙe da ginin, su ne kuma matakalar magina idan lokacin yaɓe ya zo. Ana danganta gininta na farko, wajen shekarar 1515, ga wani waliyyi mai suna Zakariyya, sannan aka sabunta ta a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Yau ƙarafan kamfanonin waya sun yi mata kishiya a sararin sama, amma har yanzu da ita ake kwatance.

Na daɗe ina karanta Agadas kafin Allah ya nufa in taka ƙasarta, kuma kusan duk abin da na karanta baƙi ne suka rubuta shi. Wannan ya sa na shiga lungunan tsohon gari ɗauke da idanun mutane uku da suka riga mu gidan gaskiya tun ƙarnoni, ina gwada abin da suka faɗa da abin da ke gabana. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni dai a wurina bai kore shi ba, zama suka yi tare, wani sa'in suna gardama.

Na farkonsu bai ma ga Agadas ba, don a lokacinsa garin bai zama mazaunin sarauta ba. Shi ne Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja, wanda ya biyo ta Takadda a 1353 a kan hanyarsa ta komawa gida daga ƙasar Mali. Masana da dama na ganin kufan Azelik da ke arewa maso yammacin Agadas shi ne Takaddar. Ya ba da labarin jan ƙarfen da ake haƙowa a can, ana ƙera shi sanda-sanda ana ciniki da shi, ana kai shi har Barno da wata ƙasa da masana suka fahimta Gobir ce. Gobirawa kuwa har gobe suna riƙe da labarin cewa kakanninsu sun zauna Azbin kafin su gangaro kudu. Sai dai mai karatu ya shirya zuciyarsa, domin a cikin shafukan nan ne mutumin yake ba da labarin yadda ya yi cinikin baiwa, da yadda ya bar garin cikin ayarin da ke ɗauke da bayi mata kimanin 600, yana faɗa ba ko gezau, kamar mai lissafin kantun gishiri.

Na biyu shi ne Alhasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa da ya tashi a Fas, wanda 'yan fashin teku suka kama suka miƙa wa Fafaroma, Turawa suka san shi da Leo Africanus. An buga littafinsa a birnin Fenis a 1550. Ya siffanta Agadas a matsayin birni mai ganuwa wanda akasarin mazaunansa baƙin attajirai ne, ya kuma ce sarkinsa na biyan sarkin Tumbutu, wato Askiya na Songai, haraji mai yawan gaske kowace shekara. Akwai masu shakkar ko ya taka duk garuruwan da ya lissafa, irin su Kano da Katsina da Zazzau, ko kuwa a bakin fatake ya ji. Ni ma idan na karanta shi nakan ji ƙamshin labarin zaure.

Na uku shi ne wanda ya fi tsare ni. Heinrich Barth Bajamushe ne da gwamnatin Ingila ta aiko, ya taso daga Tarabulus a watan Maris na 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg, yana amsa sunan Abdulkarim. Da suka iso duwatsun Azbin sai ya bar abokan tafiyarsa a Tintellust, ya bi wasu Buzaye zuwa Agadas a watan Oktoba, ya yi kimanin mako uku a garin. Abin da ya bambanta shi da sauran Turawan zamaninsa shi ne harshe. Ya iya Larabci, ya kuma tsinci Hausa a kan hanya, da ita ya yi ta hira da mutane. Ya tarar ana shirin naɗin Sarkin Azbin Abdulƙadir, ya ga hawan, ya rubuta shi filla-filla. Ya lura cewa ’yan asalin garin suna da wani harshe nasu ɗan uwan harshen Songai, ya tattara kalmominsa. Wannan harshe yau ya ɓace daga Agadas, Hausa ta maye gurbinsa, sai ɗan uwansa da ya rage a bakin mutanen Ingal. Ya ambaci wani babban mai riƙe da sarauta da ake kira Sarkin Turawa, wanda ke kula da baƙin 'yan kasuwa na arewa, abin da ke tuna mana cewa kafin Nasara su ƙwace sunan, Larabawa ake kira Turawa a ƙasar Hausa.

Garin da ya tarar kuwa ya riga ya tsufa. Ya ƙiyasta mazaunansa ba su wuce 7,000 ba, alhali faɗin kangayen da ya gani ya sa ya yi zaton a zamanin ƙarfinsa ya ɗauki ninkin haka sau da yawa. Unguwanni sun zama kufai, ungulaye na zaune a kan katangu. Hasumiyar da muke kallo yau shekararta shida da sabuntawa lokacin da ya tsaya a gindinta. Wannan ya ba ni mamaki fiye da kome: mutanen da garinsu ke zagwanyewa a hannunsu, kasuwarsu ta ja baya, su ne suka haɗa ƙarfi suka tayar da ginin da ya fi kowane tsawo. Barth ya auna, ya zana, ya wuce. Bai tsaya kan dalilin ba, kuma ba na jin awo zai ba da shi.

A nan ne karin maganar nan ta cewa baƙo ko da ido makaho ne take da gaskiya. Shekaru kimanin saba'in kafin zuwan Barth, wani matashin almajiri daga ƙasar Gobir ya zo Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Almajirin nan shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Abin da ya gudana tsakanin malamin da ɗalibinsa a zaurukan garin nan ya girgiza ƙasar Hausa baki ɗaya daga 1804, amma ba abu ne da matafiyi mai mako uku zai hango daga kan raƙumi ba. Wanda yake son wannan Agadas ɗin, ta malamai da alƙalai da zuriyar sarauta, sai ya koma ga Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi bayanin ƙasar Ahir, da tarihin sarakunan da aka adana da Larabci a garin, da kuma aikin Farfesa Djibo Hamani a kan daular Ayar. Abin takaici, littafin Hamani da Faransanci yake, na Barth mujalladi biyar ne da suka fito a 1857 da 1858 da Jamusanci da Ingilishi, ɗan Agadas da Hausa kaɗai yake karantawa ba shi da rabo a ko ɗaya.

Akwai kuma abin da duk ukun ba su kai ga gani ba. Daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917 Kawusan, da goyon bayan Sarki Tagama, ya tsare sojan Faransa a barikinsu na Agadas. Da ɗauki ya iso daga kudu, ramuwar gayyar ta faɗa a kan mutanen gari, aka karkashe malamai da dama. Kawusan ya rasa ransa a Murzuk a 1919, Tagama ya mutu a hannun Faransawa a 1920. Gidan da aka gina wa Kawusan yana nan daura da masallaci, ya zama masaukin baƙi.

Ba zan bar zancen Barth ba tare da ambaton Dorugu ba. Yaro ne Bahaushe daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram, aka kama shi bauta, Overweg ya 'yanta shi a Barno, bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Barth har Tumbutu, ya ƙetare hamada da shi, suka isa Landan a 1855. A can wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Ga ɗan Damagaram yana kallon Turawa a teburin cin abincinsu da irin idon da Barth ya kalli kasuwar Agadas, yana mamaki, yana dariya a ciki. Ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Akwai gida a tsohon garin Agadas da aka lanƙaya wa allo don tunawa da saukar Barth. 'Yan lakwal nawa ne a Damagaram suka taɓa jin sunan Dorugu?

Baƙin Agadas na yau wasu iri ne. 'Yan yawon buɗe ido da suka cika garin a shekarun 1980 sun ɗauke ƙafa saboda rashin tsaro, matasan Afirka ta Yamma masu neman hanyar Libiya suka maye gurbinsu, aka yi dokar hana safararsu a 2015, aka soke ta a 2023. Ita kuwa laka ba ruwanta da wane ne baƙo, ruwan sama ne abokin gabarta. Ambaliyar 2009 ta rusa gidaje masu yawa a Agadas. A watan Satumbar 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa mai ƙarfi. Shi ma da laka aka gina shi, kuma sa'an hasumiyar Agadas ta yanzu ne.