Ko sojan da aka sallama saboda larurar ƙwaƙwalwa zai iya komawa bakin aiki?

Jalingo, babban birnin jihar Taraba, nan ne mazaunin Birged ta 6 ta Sojin Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Runduna ta 3 mai hedikwata a Jos. A ƙarƙashin birged ɗin akwai Bataliya ta 93 da ke Takum da Bataliya ta 20 da ke Serti. Dakarunta suna cikin aikin Operation Whirl Stroke da aka ƙaddamar a 2018 domin shawo kan kashe-kashe a Binuwai da Nasarawa da Taraba, kuma akwai waɗanda kafin nan suka yi shekaru a fagen daga a Arewa maso Gabas.

Irin wannan aiki yakan bar rauni a jiki, yakan kuma bar shi a zuciya. Wani sojan ya dawo ba ya iya barci, wani ƙarar buga ƙofa ta razana shi, wani ya daina magana da iyalinsa, wani kuma ya faɗa shaye-shaye. Likitoci suna kiran babban nau'in wannan larura firgicin bayan tashin hankali, wato PTSD, kuma yakan zo tare da ciwon damuwa. Idan abin ya tsananta, yakan kai ga sallama daga aiki. Bayan an sami sauƙi sai tambaya ta taso ga mutumin da iyalinsa: ko akwai hanyar sake sa kaki?

Yadda ake sallama saboda rashin lafiya

Dokar Rundunonin Soja, babi na A20 a kundin dokokin tarayya na 2004, ita ce ke tafiyar da ɗauka da horo da sallamar soja. Bayanin sharuɗɗan aiki dalla-dalla kuwa yana cikin kundin da ake kira HTACOS, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa sabon bugunsa hannu a watan Disambar 2024.

Sallama saboda rashin lafiya tana biyo bayan zaman kwamitin likitoci. Kwamitin ne ke duba tarihin jinyar soja, ya auna ko zai iya ci gaba da aiki, ya kuma ƙiyasta girman nakasar da ta same shi. Manyan asibitocin da ake tura irin waɗannan marasa lafiya sun haɗa da Asibitin Soja na 44 da ke Kaduna da na 68 da ke Yaba a Legas. Wannan sallama daban take da kora. Kora hukunci ce kan laifi, ita kuwa sallamar rashin lafiya ba ta zubar da mutuncin mai ita, kuma tana iya zuwa da fanshon nakasa ta hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja.

A watan Satumbar 2024 rundunar ta bayyana cewa ta sallami wata soja mace bisa dalilin lafiya bayan an duba ta a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, tare da ba ta fanshon kashi 50 cikin 100 har tsawon rayuwarta. Matar ta musanta cewa tana da larurar. Wannan taƙaddama ta nuna nauyin rahoton likitoci a irin wannan al'amari, domin a kansa ake gina sallamar, kuma shi ne mai neman a sake duba lamarinsa zai fara ƙalubalanta.

Hanyar sabuwar ɗauka

Da yawa suna zaton abin da za a yi shi ne a sake cike takardar neman shiga soja. Sharuɗɗan da rundunar ke bugawa a duk lokacin ɗaukar kurata sun sa wannan hanya ta yi ƙunci. Ana neman mai shekara 18 zuwa 22, ko zuwa 26 ga masu sana'ar hannu, kuma wajibi ne ya kasance mai cikakkiyar lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi shekara biyar ko shida yana aiki kafin a sallame shi galibi ya riga ya wuce wannan iyaka.

Ko da shekarunsa ba su wuce ba, ana tantance mai nema a jihar da ya fito, a sake duba lafiyarsa kafin horo a cibiyar horar da kurata, kuma ana neman lambar NIN da ta BVN. Ɓoye tsohuwar lambar soja ko tarihin jinya yaudara ce da kan jawo kora da gurfanarwa idan asiri ya tonu. Bugu da ƙari, mutumin da ya daina shan magani don kada a gane shi, sannan aka damƙa masa bindiga, ya jefa kansa da abokan aikinsa cikin haɗari.

Hanyar koke da sake dubawa

Hanyar da doka ta tanada ita ce koke. Sashe na 178 na Dokar Rundunonin Soja ya shafi koken hafsoshi, na 179 kuma na ƙananan sojoji. Ana farawa ne daga kwamandan da mutum ke ƙarƙashinsa, a hau mataki-mataki zuwa sama. Sai an bi waɗannan matakai ne ake garzayawa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma jinkiri yakan kashe ƙara. Hafsoshi 38 da aka yi wa ritayar dole a watan Yunin 2016, alal misali, kwana 30 sharuɗɗan aiki suka ba su na ɗaukaka koke zuwa ga shugaban ƙasa. Wasu daga cikinsu sun yi nasara a kotu daga baya.

Rundunar ta taɓa mayar da ɗimbin sojoji bakin aiki. A 2015 ta dawo da sojoji 3,032 da aka kora kan laifuffukan da suka shafi yaƙi da Boko Haram, bayan wani kwamiti ya sake duba shari'unsu, aka kuma sake horar da su. Amma wannan batu ne na ladabtarwa. A sallamar rashin lafiya, hujjar da ke da tasiri ita ce sabon rahoton ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa da ke nuna an yi kuskure tun farko, ko an warke kuma an daɗe cikin natsuwa. Hukuncin ƙarshe yana hannun hukumomin soja.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin dokar 1958, ta kuma haramta nuna wa masu wannan larura bambanci, har a wurin aiki. Sai dai aikin soja yana da nasa ma'aunin lafiya, saboda abin da ake ɗora wa mai shi.

Yadda ake yi a Amurka

A Amurka takardar sallama tana ɗauke da alamar da ke nuna matsayin mutum: RE-1 zai iya komawa, RE-3 sai da izini na musamman, RE-4 kuwa galibi ƙofa ta rufe. Akwai kuma ritayar wucin gadi ta har shekara uku ga wanda larurarsa ba ta daidaita ba. Ana sake duba shi lokaci-lokaci, in an ga ya warke yana iya komawa. Ga ciwon damuwa, ƙa'idar ɗauka tana neman wata 36 ba tare da alamun ciwo ko magani ba.

Abin da ya kamata a yi

Lokacin da ya fi amfani shi ne kafin a kai ga sallama. Wannan larura tana jin magani, kuma wanda ya je asibitin bariki da wuri ya fi samun damar warkewa yana kan aikinsa. Wanda aka riga aka sallama kuwa ya adana takardar sallama da katunan asibiti da takardun magani, ya kuma ci gaba da ganin likita ba tare da yankewa ba. Mazaunin Jalingo zai iya farawa daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin, ya karɓi takardar turawa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ko na Barnawa a Kaduna idan da bukata.

Haka kuma ya bibiyi fanshonsa, ya nemi bayanin inshorar lafiyar tsofaffin sojoji a kamfanin DHML, ya kuma tuntuɓi reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiha. Neman shiga soja kyauta ne, don haka duk wanda ya nemi kuɗi da alƙawarin zai mayar da mutum bakin aiki ɗan damfara ne, a kai rahotonsa ga hukuma.